Up-and-coming: tambayoyi da amsoshi kan kalmar da Turawa ke kiran mai tasowa da ita

Na daɗe ina koyar da Turanci, kuma akwai kalmomin da duk shekara sai ɗalibai sun dawo mini da tambaya a kansu. Up-and-coming na cikin sahun gaba. Ana cin karo da ita a labarin ƙwallo, a shafin kasuwanci, a tallan gidaje, a hirar mawaƙa da 'yan fim. Mutane da yawa sun san inda ta dosa, amma in aka zo amfani da ita sai a ga an sa ta inda ba gurbinta ba, ko kuma an musanya ta da wata kalmar da ta yi kama da ita. Na tattara tambayoyin da aka fi yi mini, na amsa su gwargwadon yadda nake amsawa a cikin aji.

Mece ce ma'anar up-and-coming?

Sifa ce, wato kalmar da ke bayyana yadda mutum ko abu yake. Ana faɗinta a kan wanda ya fara samun nasara a sana'arsa, mutane sun fara lura da shi, kuma alamu na nuna zai yi nisa nan gaba. Abu uku ke nan a dunƙule: ya fara, an fara gani, ana kyautata zaton zai ƙara gaba. In ɗaya daga cikin ukun nan ya ɓace, kalmar ba ta zauna daidai ba.

Idan aka ce "She is an up-and-coming lawyer", ana nufin lauya ce da ta fara cin shari'u, manyan lauyoyi sun fara ambaton sunanta, kuma ana ganin nan da 'yan shekaru za a dama da ita sosai. Ba a nufin jiya ta gama makarantar koyon aikin lauya. Ba a kuma nufin ta riga ta zama babbar lauya da kowa ya sani. Tana tsakani, amma fuskarta sama take kallo.

Bahaushe na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. To wannan kalma, kalmar ranar Laraba ce.

Yaya ake furta ta?

Kusan kamar a ce "ap-an-kamin". Wasalin da ke cikin up da wanda ke farkon coming iri ɗaya ne a bakin Bature, kuma ya fi kusa da "a" ɗinmu gajere. Saboda haka ba "komin" ba ne, "kamin" ne. Kalmar and da ke tsakiya kuwa ana haɗiye ta, da ƙyar ake jin "an" ko "n" kawai. Wanda ya tsaya ya furta "and" ɗin baro-baro za a fahimce shi, sai dai maganar za ta yi nauyi.

Abin da ya fi ba mu wahala mu Hausawa shi ne baƙin p, domin babu shi a matsayin harafi mai zaman kansa a harshenmu, sai mu karkata shi zuwa f. A haɗe leɓɓa biyu gam, sannan a sake su. Da an saba shi ke nan.

Akwai kuma batun inda ake danna murya. In kalmar ta zo a ƙarshen jimla, nauyin yana kan "ka" na coming. In kuwa suna na biye da ita, kamar up-and-coming actor, nauyin kan koma farko, kan up, sannan ya sake sauka kan sunan da ke biye.

Shin up-and-coming da upcoming ba abu ɗaya ba ne?

A'a, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a nan.

Upcoming tana magana ne kan lokaci. Ma'anarta abin da ke tafe, wanda ya kusa faruwa: upcoming election zaɓe mai zuwa, upcoming match wasan da za a buga kwanan nan, upcoming album kundin waƙoƙin da ake shirin saki. Babu yabo a cikinta ko kaɗan. Jarrabawa mai zuwa upcoming ce, ranar biyan kuɗin haya ma upcoming ce. Kalmar ba ta ce abin mai kyau ne ko maras kyau ba, ta ce dai yana hanya.

Up-and-coming kuwa tana magana ne kan matsayi da ɗaukaka. Hukunci ne ake yankewa a kan mutum bayan an duba aikinsa.

A Najeriya an haɗe su wuri guda. Yaro zai rubuta a shafinsa na Facebook ko TikTok cewa shi upcoming artist ne, 'yan jarida su rubuta upcoming actress, har kalmar ta shigo cikin Hausar masana'antar fim da waƙa, ka ji ana cewa "ai wane har yanzu upcoming ne", ko "a riƙa taimaka wa upcoming". A wannan amfani ma ma'anar ta ƙara sauka ƙasa, ta koma nufin ƙaramin ɗan wasa ko mawaƙin da bai samu karɓuwa ba tukuna, wanda wani lokaci ya shekara goma yana fama. Ka ga ta yi hannun riga da up-and-coming, wadda ke nufin karɓuwar ta riga ta fara zuwa.

In Bature mai kula da harshensa ya ga an rubuta upcoming singer a takardar shirin biki, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne mawaƙin da zai hau dandamali nan gaba kaɗan, bayan wanda ke kai ya sauka. Gwaji mai sauƙi da nake ba ɗalibaina shi ne: in za ka iya sa wa abin rana a kalanda, upcoming ne. In kuwa ba rana za ka sa masa ba, fata kake yi masa bisa abin da ka gani, up-and-coming ne.

To tunda kowa a nan upcoming artist yake cewa, ba ta zama daidai ba ke nan?

A tsakaninmu ta zama. Ni ba na cikin masu ganin duk abin da ya saɓa wa Turancin Landan kuskure ne. Turancin Najeriya yana da ƙafarsa, kuma duniya ta fara amincewa da shi. A watan Janairun 2020 babban ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, ciki har da okada da danfo da next tomorrow da Kannywood. Kuma gaskiya ko a Amurka ana samun masu cakuɗa upcoming da up-and-coming a maganar yau da kullum, musamman a harkar waƙa.

Sai dai akwai wurin da sassauci ba zai yi maka amfani ba. Mai duba takardar jarrabawa, editan jarida a ƙasar waje, jami'in da ke karanta takardar neman tallafin karatu, duk da ma'aunin ƙamus suke awo. Abin da nake so ga ɗalibina shi ne ya san duka biyun, ya kuma san gaban wa yake magana. Da abokanka ka faɗi yadda kuka saba. A takarda ka rubuta up-and-coming.

Wace fassara ce ta fi dacewa da ita a Hausa?

"Mai tasowa" ita ce ta fi kusa, kuma ita gidajen rediyo suka fi amfani da ita: ɗan wasa mai tasowa, 'yan kasuwa masu tasowa. Amma tana da rauni guda. Tasowa a Hausa ta haɗa da girma na shekaru, shi ya sa muke cewa yara masu tasowa, ko da ba su nuna wata bajinta ba. Haka nan muna cewa ƙasashe masu tasowa a matsayin fassarar developing countries, alhali wasu daga cikinsu ba wata ɗaukaka ake hango musu nan kusa ba. Saboda haka in na so ma'anar ta fito sarai, nakan ƙara mata wani abu: "mai tasowa da tauraruwarsa ta fara haskawa", ko "matashin da ya fara yin suna", ko "wanda aka fara jin ɗuriyarsa".

Akwai wasu kalamai namu da ke kusa amma ba su faɗa daidai ba, kuma yana da kyau mai fassara ya rarrabe su. "Ludayinsa na kan dawo" da "yana tashe" duk suna nufin mutum ya riga ya kai, zamaninsa ake ciki. Wannan ya wuce up-and-coming da mataki guda. "Sabon shiga" da "sabon yanka rake" kuwa suna nuna sabunta kawai, wani lokaci har da rashin gogewa, ba su ɗauke da albishir ɗin nasara. "Sabon jini" tana da ɗan ƙamshin yabo, amma ta fi karkata ga ƙuruciya da kuzari. "Manyan gobe" ta yi nisa da yawa, domin kowane yaro babban gobe ne.

In da za a tilasta mini in zaɓi jimla ɗaya, zan ce "tauraruwarsa ta fara haskawa". Kalmar "fara" ita ce ta riƙe ma'anar duka. In ka cire ta, ka koma maganar wanda ya riga ya shahara.

Dole ne a sa karan ɗori a tsakanin kalmomin?

In ta zo kafin suna, dole ne: an up-and-coming designer. Karan ɗorin ne ke nuna wa mai karatu cewa kalmomin uku sun zama sifa guda. In ta zo bayan aikatau, kamar "The band is up and coming", marubuta da yawa kan cire shi, wasu kuma su bar shi. Wanda ya sa shi ko'ina bai yi laifi ba, kuma shi ne ya fi sauƙin tunawa.

Abin da bai halatta ba shi ne a manne su wuri ɗaya babu tazara, ko a rubuta up-coming da karan ɗori guda da nufin wannan ma'ana, ko a ninka m a rubuta comming.

"A" ake sa mata a gaba ko "an"? Tana da jam'i?

An, domin da wasali take farawa: an up-and-coming writer. Ba ta da jam'i, kamar sauran sifofin Turanci. Mu a Hausa muna sauya sifa, mu ce mai tasowa, masu tasowa. Turanci ba ya yin haka, sunan kaɗai ke sauyawa: up-and-coming writers. In akwai wata sifar tare da ita, yawanci up-and-coming ce ke gaba, shi ya sa za ka fi jin an up-and-coming young doctor.

Ba a cika jin more up-and-coming ko very up-and-coming a rubutu mai kyau ba. In kana son kwatanta mutum biyu, koma ga promising, ka ce more promising.

Zan iya kiran kaina up-and-coming a takardar neman aiki?

Nahawu bai hana ba, amma ni ba na ba da wannan shawara. Kalmar shaida ce da wasu ke bayarwa a kanka. Edita ne zai ce marubuci up-and-coming ne, koci ne zai faɗa a kan ɗan wasa, jarida ce za ta rubuta a kan ɗan kasuwa. In ta fito daga bakin mai ita, ƙarfinta ya ragu, kamar yadda muke cewa yabon kai jahilci. Turawa ma, musamman na Ingila, suna jin nauyin irin wannan.

Na taɓa duba wa wata ɗalibata takardar neman gurbin horo a harkar ɗinki da zanen tufafi. Ta buɗe da cewa ita up-and-coming fashion designer ce. Na tambaye ta me ta yi zuwa yanzu. Ashe tana da mata huɗu da ke aiki ƙarƙashinta, ta ɗinka wa amare da dama kayan biki, kuma masu saye daga wasu garuruwa sun fara aiko mata da aiki. Na ce mata, 'yata, ki rubuta waɗannan, ki cire kalmar. Wanda ya karanta da kansa zai raɗa miki sunan a zuciyarsa, kuma wannan ya fi tasiri nesa ba kusa ba.

In dole sai ka siffanta kanka, early-career ko emerging sun fi kamun kai, kuma masu ba da tallafi sun saba da su.

Sai matashi ake kira da ita?

Yawanci matasa ne, amma shekarun haihuwa ba sa cikin ma'anar. Abin dubawa shi ne inda mutum yake a cikin sana'ar. Wanda ya bar aikin gwamnati yana da shekara 50 ya buɗe gidan abinci, cikin shekara biyu gari ya ɗauka, ana iya ce masa up-and-coming restaurateur ba tare da kowa ya ɗaga gira ba.

A siyasa ma mai shekara 40 yaro ne. Barack Obama yana daf da cika shekara 43 lokacin da ya yi jawabin da ya fito da shi a babban taron jam'iyyar Democrat a birnin Boston a watan Yulin 2004. A lokacin ɗan majalisar dattawan jihar Illinois ne, Amurkawa da yawa ba su san sunansa ba. Bayan jawabin nan ya zama cikakken misalin up-and-coming politician. A watan Nuwamba na shekarar ya ci kujerar majalisar dattawan ƙasa, a 2008 kuma aka zaɓe shi shugaban ƙasa.

A ƙwallo kuwa ma'aunin daban ne, domin zamanin ɗan wasa gajere ne. Lamine Yamal ya fara buga wa babbar ƙungiyar Barcelona a watan Afrilun 2023 yana da shekara 15. Zuwa watan Yulin 2024 ya riga ya ci kofin nahiyar Turai da Sifaniya. Kafin ya cika shekara 18 kalmar ta yi masa kaɗan.

Yaushe mutum ke daina zama up-and-coming?

Kalmar tana da wa'adi, kuma ta hanya biyu ake fita daga cikinta. Ko dai mutum ya kai inda ake hango masa, sai a koma ce masa established ko leading ko star, ko kuma shekaru su ja babu ci gaba, sai mutane su daina faɗa ba tare da an yi shela ba.

Tarihin Victor Osimhen ya nuna duka fuskokin biyu. A 2015 ya ci ƙwallo 10 a gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Chile, Najeriya ta ɗauki kofin, shi kuma ya karɓi takalmin zinare. A wannan lokaci babu sifar da ta fi dacewa da shi kamar up-and-coming striker. Sai ya tafi Wolfsburg a Jamus, abubuwa suka ƙi, bai ci ƙwallo ko ɗaya a gasar ƙasar ba, har aka ba da shi aro ga Charleroi ta Beljiyam a 2018. Da labarin ya tsaya a Jamus, da kalmar ta suɓuce masa ta ƙasa. Amma ya farfaɗo a Beljiyam, ya koma Lille a Faransa a 2019, Napoli ta saye shi a 2020, a 2023 kuma ya ci gasar Italiya da ƙwallo 26, ya fi kowa zura ƙwallo a kakar, aka kuma zaɓe shi gwarzon ɗan wasan Afirka na shekarar. Daga nan duk wanda ya ce masa up-and-coming ya rage masa daraja.

Haka Ahmed Musa. Lokacin da yake cin ƙwallaye a Kano Pillars har ya tafi VVV-Venlo ta Holan a 2010, mai tasowa ne. Bayan ya zura wa Ajantina ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya sake zura wa Iceland biyu a 2018, ya wuce wannan matsayi. Yau veteran za a ce masa, wato tsohon hannu.

Wannan ne ya sa nake cewa kalmar ba alƙawari ba ce. Hasashe ne na masu lura, kuma hasashe kan ci, kan kuma faɗi. Kakanninmu da suka ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsunsa, taka-tsantsan irin wannan suke koyarwa.

Mutum kawai ake faɗa wa, ko har da wuri da kamfani?

Har da su. Ana cewa up-and-coming company, up-and-coming brand, up-and-coming band, up-and-coming city. Amma wadda ta fi buƙatar bayani ita ce up-and-coming neighbourhood ko up-and-coming area, domin tana da ma'ana ta musamman a bakin dillalan gidaje na Ingila da Amurka.

In dillali a Landan ko New York ya ce unguwa up-and-coming ce, yana nufin har yanzu gidajenta na da ɗan sauƙin kuɗi, a da ba a ɗauke ta unguwar masu hali ba, amma masu kuɗi sun fara shigowa, shagunan shayi da gidajen abinci na zamani sun fara buɗewa, farashi zai tashi. An yi ta faɗin haka kan Shoreditch da Hackney da Peckham a Landan, da Williamsburg a yankin Brooklyn na New York, kuma duk sun yi tsada daga baya. Mai saye zai ji kalmar da daɗi. Tsohon mazaunin unguwar da ke zaman haya kuwa gabansa ne zai faɗi, domin abin da take nufi a wurinsa shi ne kuɗin haya zai fi ƙarfinsa, wata rana ya tattara ya bar inda ya girma. Turawa na kiran wannan sauyi gentrification, kuma muhawara a kansa tana da zafi a can. Saboda haka wanda zai nemi gida a ƙasashen nan ya san cewa kalmar wani lokaci lulluɓi ce da ake yi wa unguwar da ba ta gama gyaruwa ba tukuna. A je a gani da ido kafin a biya kuɗi. Dillalanmu na filaye ma suna da irin tasu, in suka ce maka "gari ya taho nan".

Ba a faɗinta a kan abin ƙi. Ba a cewa cuta ko rikici ko yunwa up-and-coming ne. A nan growing ko emerging ake sawa.

Mene ne bambancinta da aspiring, budding, promising, emerging da rising?

Ka ɗauke su kamar matakan tsani. Aspiring na can ƙasa: mai buri ne, yana so ya zama, mai yiwuwa bai fara komai ba. Aspiring writer na iya kasancewa bai taɓa buga ko shafi ɗaya ba. Mafi yawan waɗanda ke kiran kansu upcoming a wurinmu, aspiring ce ta dace da su, kuma babu abin kunya a ciki. Budding daga tohon fure aka aro ta, mai ita ya fara nuna baiwa, galibi yaro ne ko sabon hannu. Promising tana duban baiwar ita kanta, ko duniya ta sani ko ba ta sani ba: malami zai iya ce wa ɗalibin aji uku promising, amma ba zai ce masa up-and-coming ba, domin babu wanda ya san shi a waje.

Emerging ta fi zama a rubutun hukuma da na masana, kamar emerging markets da emerging artists. Rising ita ce 'yar uwar up-and-coming ta jini, musamman a cikin rising star, sai dai takan nuna hawan ya ɗan fi nisa da sauri. Kyautar da hukumar fina-finan Birtaniya, BAFTA, ke bayarwa tun 2006 ga ɗan wasa mai tasowa Rising Star ake kiranta, kuma John Boyega, ɗan asalin Najeriya, ya karɓe ta a 2016. A nan gida, kyautar Next Rated ta bikin karrama mawaƙa na Headies ita ma wannan ma'anar take ɗauke da ita. Wizkid ya karɓa a 2011, Davido a 2012.

Upstart fa? Na ga ita ma da up ta fara.

Hattara da ita, zagi ce. Upstart shi ne wanda ya samu wuri kwatsam ya fara ɗaga kai, yana raina na gaba da shi, irin wanda muke ce wa ɗan tsako samu ka ƙi dangi. Mutum ɗaya, masoyinsa zai ce masa up-and-coming, maƙiyinsa ya ce masa upstart. A labaran kasuwanci akan kira ƙaramin kamfanin da ke ƙalubalantar manya upstart ba da mugun nufi ba, amma kada ka gwada ta a kan mutum a gaban idonsa. Kada kuma a rikita ta da start-up, wadda ke nufin sabon kamfani kawai.

Akwai suna da aka samo daga gare ta?

Akwai up-and-comer, jam'inta up-and-comers. Ta fi yawa a Turancin Amurka, a labaran wasanni da siyasa, kuma ta fi dacewa da hira ko rubutun jarida mai sauƙi.

Me ya haɗa "sama" da "zuwa" har suka ba da wannan ma'ana?

Turanci, kamar Hausa, yana ɗaukar nasara a matsayin hawa. Mu muna cewa ɗaukaka, ya yi sama, an ɗaga likafarsa, ya faɗi ƙasa warwas. Su ma up ɗinsu haka take. Coming kuma tana nuna mutum na tahowa inda masu kallo suke, yana shigowa fage. Tun da can Turawa na cewa the coming man a kan wanda ake ganin shi ne zai yi fice nan gaba. In ka haɗa biyun, hoton da ke fitowa shi ne na mutumin da ya miƙe tsaye kuma ya doso. A Turancin Amurka kalmar na ɗauke da ƙarin ma'anar kuzari da zafin nama da rashin kasala, kuma har yau akwai burbushin wannan a cikinta: ba a cika faɗinta a kan wanda dukiya ta faɗo masa ta gado ba, sai wanda ake ganin ƙwazonsa.

Tana da alaƙa da up and running, da up and about, da on the up and up?

Siffa ce kawai ta haɗa su. Up and running na nufin abu ya fara aiki sosai, kamar inji ko shafin intanet ko sabon ofis. Up and about ana faɗa wa maras lafiyar da ya warke ya fara zirga-zirga. On the up and up kuwa ta rabu biyu: a Ingila tana nufin abubuwa na ƙara kyau, a Amurka tana nufin abu na gaskiya ne babu maguɗi. Ma'anar Ingila ce kaɗai ta kusanci kalmarmu.

Yaya take fitowa a jarrabawa?

A tambayoyin WAEC da NECO da JAMB na neman kalma mafi kusa da ma'ana ko kishiya, irin wannan sifa tarkonta a bayyane yake. In an nemi mafi kusa, nemi promising ko rising. Zaɓin da za a sa don a ruɗe ka su ne irin su forthcoming, famous, da inexperienced: na farko ma'anar upcoming ce, na biyu ya wuce ta, na uku bai kai ta ba. In kishiya aka nema, duba jimlar da kyau, domin tana iya zama established, wato wanda ya riga ya kafu, ko declining, wato wanda tauraruwarsa ke dusashewa. A rubutun insha'i kuma za ka iya amfani da ita ba fargaba, ta dace da wasiƙar hukuma da rahoto da maƙala.

Akwai lokacin da faɗinta zai ɓata wa mutum rai?

Akwai, kuma masu gabatar da baƙi a taro su suka fi faɗawa wannan rami. Na halarci wani taron marubuta inda mai gabatarwa ya kira wata baiwar Allah up-and-coming writer, alhali ta shafe shekaru fiye da ashirin tana rubutu, littattafanta na hannun mata a gidaje da yawa. Niyyarsa yabo ce, amma abin da zauren ya ji shi ne bai san ta ba, ko kuma bai ɗauki abin da ta yi da Hausa a bakin komai ba sai yanzu da aka fara fassara ta zuwa Turanci. Na ga yadda fuskarta ta sauya, kuma abin ya dame ni, domin da ya tambayi ko mutum ɗaya a wurin da an gaya masa.

Kafin ka sa wa wani wannan sifa, bincika shekara nawa ya yi a fagen da kuma a idon wa yake sabo. Mawaƙin da Kano da Zinder da Kumasi suka daɗe da haddace waƙoƙinsa ba mai tasowa ba ne don kawai jiya wata jaridar Landan ta gano shi. A irin wannan hali ka ce acclaimed, ko well-known, ko ka faɗi shekarun da ya yi da ayyukan da ya fitar.